Na saba gudun fanfalaki, yanzu na fara hawan dutse: in yi atisaye iri ɗaya?

Tambayar ta fito daga wani ɗan'uwa da ke karatu a Sheffield ta Ingila. Shekara 6 ke nan yana gudun dogon zango, ya kammala gudun fanfalaki sau 3, ciki har da na Legas. Wata 4 da suka wuce abokan karatunsa suka ja shi zauren hawan bango, abin kuma ya shiga ransa. Ga abin da ya rubuto: "Ina iya gudun awa 3 ban tsaya ba, amma minti 2 a jikin bango sai hannuna ya sage. Yara 'yan shekara 12 suna wuce ni. Shin in tsara wa hawan jadawalin mako 16 kamar yadda nake yi wa gudu? In sayi allon rataya na yatsu? Gudun fa, in ajiye shi?"

To ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. A taƙaice, kada ka tsara jadawalin mako 16 yanzu, allon rataya, wato allon da ake rataya a jikinsa da yatsu don ƙara musu ƙarfi, ya jira, gudu kuma ka ci gaba da abinka amma ka rage masa zafi. Dalilan su ne masu tsawo, kuma su nake so ka riƙe, domin idan ka gane su kai da kanka za ka tsara sauran.

Da Hausa duk hawan dutse muke cewa, wanda ya taka matakalar Dala da yamma da wanda ya rataya da yatsu 2 a rufin kogo. Bari mu raba su tukuna. Mai hawan Kilimanjaro, dutsen Tanzaniya mai tsayin mita 5,895, ko Chappal Waddi na jihar Taraba, tafiyar ƙafa yake yi da kaya a baya, kwana da kwanaki. Wannan wasan juriya ne sak, kuma da shi ka tambaya da sai in ce gudunka ya riga ya yi maka rabin aikin. Wanda ka shiga daban ne. A gasar duniya, mai hawan bolda, wato gajeren bango na kusan mita 4 da rabi wanda ake hawa ba igiya sai katifa a ƙasa, ana ba shi minti 4 ko 5 a kan kowace hanya. Mai hawa da igiya yana da minti 6 a bangon da ya kai mita 15. A hawan sauri kuwa, Sam Watson na Amurka ya haye mita 15 cikin daƙiƙa 4.74 a gasar Olamfik ta Faris a 2024. Ka ajiye waɗannan kusa da awa 2 da daƙiƙa 35 da Kelvin Kiptum na Kenya ya yi a gudun fanfalaki na Chicago a 2023, ka ga hanyar jirgi daban ta mota daban.

A gudu, motsin guda ɗaya ne kake maimaitawa sau dubbai. Abin da ke tsayar da kai shi ne yawan iskar da huhu zai shaƙa, jinin da zuciya za ta tura, da yadda tsokar ƙafa za ta ƙona abincin da ke jiki. Duk waɗannan suna amsa yawan aiki. Shi ya sa mai horar da 'yan gudu Arthur Lydiard na New Zealand ya sa yaransa gudun mil 100 a mako, har Peter Snell, wanda tserensa na mita 800 da 1,500 ne kawai, ya ci zinaren Olamfik a Rum a 1960, ya ƙara biyu a Tokyo a 1964. Shi ya sa gwanin fanfalakin nan na Kenya, Eliud Kipchoge, ya riƙa zuba sama da kilomita 200 a mako a sansaninsu na Kaptagat, mafi yawansa a hankali. Masanin motsa jiki Stephen Seiler ya yi suna da nuna cewa manyan 'yan wasan juriya suna yin kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu ne cikin sauƙi, saura kashi 20 da zafi. Wannan tsarin ka saba da shi, kuma gaskiya ne a fagensa: ka zuba kilomita, ka ga sakamako a agogo.

Hannunka da ke sagewa bayan minti 2 ba shi da alaƙa da wannan injin. Tsokar da ke lanƙwasa yatsu a damtse take, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, dogayen jijiyoyi ne ke kai ƙarfinta zuwa kan yatsu. A gudu tsokar ƙafa tana matsewa tana saki, kowane saki jini ya shigo da iska. A bango kuwa ka damƙe mariƙi, wato ɗan abin da ake kamawa a jikin bango, ka tsaya a damƙe, tsokar ta kumbura ta danne hanyoyin jinin da ke ratsa ta. Zuciyarka na iya zama ta doki, jinin ya iso bakin ƙofa ya tarar an rufe. Abin da ka ji kenan lokacin da damtsenka ya yi tauri kamar icce, yatsu suka fara buɗewa ba da izininka ba, alhali ko haki ba ka yi.

Daga nan ne lissafin ya juya wa mai gudu baya. Ƙofar jinin tana rufewa ne gwargwadon yadda riƙon ya kusa ƙurewar ƙarfinka. Idan mariƙi yana cin kusan duk ƙarfin yatsunka, jini ba zai wuce ba. Wani mai yatsu masu ƙarfi ya kama mariƙin nan da kashi ɗaya bisa uku na nasa ƙarfin, jininsa na gudana, har ya saki hannu ɗaya ya karkaɗe shi ya huta. Saboda haka a hawa, ƙarfi shi ke haifar da juriya. A gudu ka gina juriya ne a ƙasa sannan ka ɗora sauri a kai. A nan ginin daga ƙarfin yatsa yake tashi.

Sai ka ce to ai shi kenan, a sayo allon rataya a gina ƙarfin. Dakata.

Yaran nan 'yan shekara 12 da ke wuce ka, je ka zauna ka kalle su rabin awa. Yawancinsu ba su kai ka ƙarfi ba. Duba ƙafafunsu. Suna ɗora ɗan bakin takalmi a mariƙi sau ɗaya, ba ƙara, ba gyarawa. Suna juya ƙugu su manna shi da bango, hannu a miƙe, nauyi na sauka a ƙashi da ƙafa. Kai kuma, idan na canka daidai, kana fuskantar bango ƙirji a buɗe kamar mai hawan tsani, gwiwar hannu a lanƙwashe, kana damƙar kowane mariƙi da ƙarfin da ya ninka abin da ake bukata saboda jikinka bai yarda da ƙafarka ba. Rabin sagewar hannunka daga nan take. Hawa ya fi kusa da kokawa fiye da gudu: ɗan kokawa da ya san inda zai sa ƙafa yakan kayar da ƙato. Kuma ba hanya 2 da suke iri ɗaya, don haka abin da kake tarawa a shekarun farko tarin motsi ne, ɗaruruwa, har jiki ya riƙa zaɓo wanda ya dace tun kafin kai ka yi tunani. Lynn Hill, wadda tsayinta bai kai mita 1.6 ba, ita ce ta fara hawan hanyar Nose ta dutsen El Capitan na Amurka da hannu da ƙafa zalla a 1993, igiya na tsaro kawai, bayan ƙarfafan maza sun gwada sun kasa. A 1994 ta koma ta maimaita cikin kwana ɗaya.

Dalili na biyu shi ne wanda ya fi damuna game da irinku masu zuwa daga gudu, don ni ma ta nan na shigo. Tsoka tana ƙara ƙarfi cikin makonni. Jijiya da ƙananan maɗauran yatsa kuwa jini kaɗan ke isa gare su, watanni suke ɗauka, wasu shekaru. A kowane yatsa akwai wasu zobba na jijiya da ke riƙe doguwar jijiyar a jikin ƙashi, kamar madaukan bel a wando. Likitoci sun ba su lamba daga A1 zuwa A5. Idan ka kama siririn mariƙi ka ƙanƙame yatsu, ka ɗora babban yatsa a kan manuniya, nauyin yana taruwa a kan A2 da A4, kuma tsinkewar A2 tana cikin raunukan da aka fi gani a wurin mahaya, yawanci a yatsan da ke kusa da ɗan ƙarami ko na tsakiya. Likitan nan na Jamus, Volker Schöffl, ya shafe shekaru yana rubutu a kan wannan raunin. Ni na ji nawa da kunnena. Ina shekarata ta 2 da fara hawa, a wani zaure, ƙarshen zama na awa 3, na ce bari in ƙara gwadawa sau ɗaya. Ƙafa ta zame, nauyi ya faɗa kan yatsa, sai na ji ƙas kamar an karya tsinke. Wata 3 ban kama ƙaramin mariƙi ba.

Abin da ya kai ni shi ne halin da gudu ya koya mini. Mai gudun fanfalaki ya saba da ciwo, ya koyi cewa a kilomita 35 jiki zai ce a tsaya, kai kuma ka ƙi. Kuma ba ya gajiya da wuri, don haka yakan zarce awa guda bayan yatsunsa sun gama. Wanda bai taɓa motsa jiki ba haki zai kore shi gida kafin ya ji wa kansa. Kai ba abin da zai kore ka. Ciwon cinya a gudu a daure masa; ciwo mai tsini a gindin yatsa, ko a ƙashin cikin gwiwar hannu, ko a gaban kafaɗa, a sauko nan take. Jiki magayi.

Ga yadda zan so makonka ya kasance daga yanzu har ka cika shekara ɗaya da rabi ko biyu. Ka hau sau 2 ko 3 a mako, da kwana ɗaya aƙalla a tsakani, kowane zama awa ɗaya da rabi. Minti 20 na farko a hanyoyi masu manyan mariƙai, har ka yi kamar motsi 100 kafin ka taɓa ƙarami. Bayan nan, lokacin da kake da sabon ƙarfi, ka ɗauki hanya 2 ko 3 da suka fi ƙarfinka kaɗan, irin wadda za ka faɗo sau 5 ko 10 kafin ka gama. Tsakanin gwaji da gwaji ka zauna minti 3. Wannan zaman zai yi maka wuya fiye da hawan, na sani, domin a gudu tsayawa kunya ce. Amma gwajin da aka yi da gajiyayyen hannu mugun motsi yake koya wa jiki. Sauran lokacin ka ba wa hanyoyi masu sauƙi da yawa, kowace da niyya: wannan zan hau ba a ji ƙarar ƙafata ba, wannan hannuna a miƙe har sama, wannan zan sauko ta da ƙafa maimakon in diro. Ka zagaya kowane irin bango, mai kwanciya, miƙaƙƙe, da mai rinjayowa kanka, musamman wanda ka tsana. Ka tashi tun da sauran ƙarfi a hannu.

Ka ƙara minti 15 sau 2 a mako na tsokar turawa, irin motsa jikin da ake dafa ƙasa a ɗaga jiki, da jan roba don bayan kafaɗa. Hawa ja ne kawai, idan ba a daidaita ba kafaɗa takan tanƙwaro gaba. Ƙugun masu gudu kuma yakan sandare, sai ka ba shi miƙa, domin a bango ana bukatar ka ɗaga ƙafa har kusa da inda hannu yake.

Idan kana hawa da igiya, ka ware lokaci ka koyi faɗuwa da gangan tare da amintaccen mai riƙe maka igiya, daga ƙasa da wurin ƙarshe da ka maƙala igiya a bango, sannan daidai da shi, sannan ɗan sama. Tsoro yana sa damƙa, damƙa na rufe jini. Wannan darasin ba shi da kwatankwaci a gudu ko kaɗan.

Lokacin allon rataya zai zo, kuma alamarsa ita ce ka yi wata 3 ko 4 a mataki ɗaya, ka san motsin, ƙafarka daidai, amma yatsu sun ƙi riƙewa. A lokacin, tsarin da Eva López ta Sifaniya ta yi bincike a kansa shi ne mafi sauƙin bi: baki mai zurfin kusan milimita 20, rataya na daƙiƙa 10 da nauyin da za ka iya riƙewa daƙiƙa 13, hutu minti 3, sau 3 zuwa 5, kwana 2 a mako, bayan ɗumama jiki sosai. Gaba ɗaya aikin bai kai minti ɗaya na rataya ba. Mai gudu yakan ga wannan ya ce wasa ne, ya ninka, ya ji ciwo. Juriyar damtse kuma ana gina ta ne a bango: ko dai hawa mai sauƙi ba saukowa na minti 20, wanda shi ne ɗan'uwan gudunka na hankali, ko hanyoyin bolda 4 a jere, a huta minti 4, a maimaita sau 4. Irin wannan juriyar mai zafi tana zuwa cikin mako 4 zuwa 6, tana tafiya da sauri, don haka ana yin ta ne dab da tafiya ko gasa. Ƙarfin yatsa kuwa a hankali yake zuwa, amma yana zama. A wannan matakin ne jadawali na makonni yake da ma'ana.

Akwai wani allon da za ka gani a zaure, mai katakai jere kamar tsani, ana hawansa da hannu ba ƙafa. Wolfgang Güllich ne ya ƙirƙiro shi a Nuremberg ta Jamus a 1988, yana shirin hanyar Action Directe a Frankenjura, wadda ya haye a 1991, hanya ta kusan mita 15 da ake tsalle a kama rami da yatsa ɗaya ko biyu. Mutumin da ya riga ya kai ƙololuwar duniya ne ya yi shi don matsala guda. Ka bar shi ya sha ƙura. Idan kuma kana da ƙane ko ɗa da bai gama girma ba, ka hana shi sam, domin a yara ƙashin gaɓar yatsa ne ke tsagewa a wurin da yake tsiro.

Garin da kake ma shaida ne a kan wannan magana. A Sheffield ne manyan mahaya irin su Ben Moon da Jerry Moffatt suka riƙa atisaye a ƙananan allunan katako masu rinjaye, motsi 4 ko 5 masu tsananin wuya, a gwada a zauna. Da irin wannan ƙarfin Moon ya haye Hubble a Raven Tor a 1990, gajeriyar hanya da ta kasance cikin mafi wuya a duniya a lokacin. Kuma Stanage Edge, gaɓar dutse ta kusan kilomita 6, tana bayan gari. Dutsen wurin mai kaushi ne, mariƙansa a zagaye, ba ya biyan mai ƙarfin hannu sai wanda ya yarda da tafin takalminsa. Ka samu ƙwararru ka bi su, amma kada ka je kai kaɗai da igiya: a can ba a kafa ƙusa a dutse, mai hawa ne ke cusa abin tsaronsa a tsaga, wannan kuma ilimi ne da ake koya hannu da hannu.

Saura gudu. Tun 1980 Robert Hickson ya nuna cewa wanda ya haɗa atisayen ƙarfi da na juriya mai yawa, ƙarfinsa yakan tsaya bayan wasu makonni. Sai dai abin ya fi shafar tsokar da ke yin aikin biyu, wato ƙafa, kuma gudu ba ya taɓa damtse. Inda gudu zai cuce ka shi ne gajiyar jiki gaba ɗaya, barci da abinci. Gudu 2 ko 3 a mako na minti 40 cikin sauƙi ba zai rage maka komai ba. Kilomita 80 a mako da dogon gudun Lahadi kuwa zai sa ka iso bango a lanƙwame. Idan rana ɗaya za ka yi duka biyu, hawa tukuna. Idan ka yi rajistar wani fanfalakin, ka ba shi makonninsa 12 ko 16, ka mayar da hawa sau 2 a mako na riƙe abin da ka samu, bayan tsere ka juya. Kuma gudun yana da ranarsa. Yana sa ka farfaɗo da wuri tsakanin hanya da hanya, yana kai ka gindin dutse da jaka ba ka galabaita ba. A dogayen duwatsu kuwa dole ne: Tommy Caldwell da Kevin Jorgeson kwana 19 suka yi a jikin Dawn Wall na dutsen El Capitan, daga ƙarshen Disamban 2014 zuwa Janairun 2015. Har ƙwaurinka zai yi amfani wata rana. Adam Ondra, kafin ya haye Silence a kogon Flatanger na Norway a 2017, sai da ya yi wa tsokar ƙwaurinsa atisaye na musamman, don ya iya maƙale gwiwa a dutse ya saki hannu biyu ya huta kai a ƙasa.

Abu ɗaya da wasannin biyu suka yi tarayya a kai, kuma mummuna ne, shi ne jarabar rage nauyi. A duka biyu mara nauyi yana ganin riba ta ɗan lokaci, sai mutum ya fara ƙin cin abinci, ƙashi ya yi rauni, rauni ya ƙi warkewa, mata al'ada ta ɗauke. Abin ya yi ƙamari a gasar hawa har Schöffl ɗin nan ya ajiye muƙaminsa a kwamitin likitocin hukumar wasan ta duniya a 2023, Janja Garnbret ta Sloveniya, mai zinaren Olamfik na Tokyo da na Faris, ta fito ta yi magana a kai, hukumar kuma ta kawo dokar gwajin lafiyar 'yan wasa a 2024. Kai da ka yi shekara 6 kana gudu ba ka da kitsen da za ka zubar. Ka ci ka ƙoshi, ka ƙara nama, ƙwai ko wake a ranakun hawa.

Kuɗin allon kuma ka sa su a takalmi. Na haya da kake sawa a zaure bakinsa ya cinye, ba zai koya maka tsayawa a ƙaramin mariƙi ba. Ka nemi mai shimfiɗaɗɗen tafi wanda ya kama ƙafa ba tare da ya murƙushe yatsu ba, ka gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Bayan wata 6 ka rubuto ka faɗa mini irin bangon da ya fi kayar da kai, da inda kake jin gajiyar idan ka faɗo, daga nan mu ga ko lokacin rataya ya yi.